Raƙumi Ba Tozo: Yadda Aka Gano Ciwon da Ke Cinye Ma'ana

A shekarar 1975 wata mujallar masana halayyar ɗan Adam da ke fitowa a Ingila ta buga rahoton bincike a kan majinyata uku kacal. Marubuciyarsa, Elizabeth Warrington, tana aiki ne a babban asibitin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ke dandalin Queen Square a birnin Landan. Majinyatan nata ba su yi kama da waɗanda likitoci suka saba gani ba. Maganarsu na fita tiryan-tiryan, babu in'ina, babu karyewar nahawu. Idanunsu na gani, kunnuwansu na ji, kuma idan aka karanto musu jerin lambobi sukan maimaita daidai. Amma ɗaya daga cikinsu, wanda aka sakaya sunansa da haruffan AB kamar yadda ake yi a irin wannan rahoto, da aka tambaye shi ma'anar allura sai ya ce ya manta. Haka ya ce game da busasshiyar ciyawar da ake ba dabbobi. Mutumin nan kuwa ya iya fayyace kalmomin Turanci masu wuya, irin waɗanda ke nufin yarjejeniya ko roƙo cikin ƙanƙan da kai.

A bakin jama'a duk wannan mantuwa ce, idan kuma ta sami dattijo sai a kira ta gigin tsufa. Warrington ta nemi a rarrabe. Wanda ya manta inda ya ajiye makulli da wanda ke riƙe da makulli a hannu bai san ko mene ne ba, ciwonsu daban-daban ne: na farko ya rasa abin da ya faru, na biyu ya rasa sanin abin kansa. Rahoton nata ya kafa hujjar cewa sanin ma'anar kalmomi da abubuwa wata taska ce mai zaman kanta a ƙwaƙwalwa, wadda za ta iya lalacewa alhali sauran hankali yana tsaye. A kan wannan hujja aka gina fahimtar ciwon da za a iya kira zaizayar ma'ana, daga ciwon kuma aka koyi yadda sani yake a tsare a kan mai lafiya.

Waɗanda suka riga ta gani

Ba Warrington ce ta fara cin karo da irin waɗannan majinyata ba. A 1892 Arnold Pick, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Jamusawa ta birnin Prague, ya ba da labarin wani dattijo ɗan shekara 71 wanda harshensa ya yi ta lalacewa sannu a hankali. Da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka tarar ta motse, kuma motsewar ta fi tsanani a sashen hagu da ke daura da kunne. A wancan zamani, tun bayan ayyukan Paul Broca a 1861 da Carl Wernicke a 1874, an riga an yarda cewa rauni a wuri guda, kamar wanda ke kawo shanyewar ɓarin jiki, yana iya ɗauke magana. Lalacewar tsufa kuwa ana ɗaukarta a matsayin abin da ke cin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Pick ya nuna cewa ita ma tana iya zaɓar wuri. Sai dai wani suna ya danne wannan darasi. A 1906 Alois Alzheimer ya gabatar da labarin wata majinyaciyarsa a Jamus, a 1910 Emil Kraepelin ya raɗa wa ciwon sunan Alzheimer, kuma kafin ƙarshen ƙarnin kusan duk dattijon da ya rikice a kan wannan ciwo ake jingina shi.

Shaida ta biyu daga Japan ta fito. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, likita Tsuneo Imura ya bayyana wata matsalar magana da ya kira gogi, wato ma'anar kalma a harshensu. Majinyatan sukan maimaita kalma daidai amma ba su san abin da take nufi ba. Tsarin rubutun Japan ya fito da matsalar fili. Suna da kana, inda kowace alama ke wakiltar gaɓar sauti, suna kuma da kanji da suka aro daga Sin, inda alama ɗaya kan sami karatu fiye da ɗaya, dole sai mai karatu ya san kalmar kafin ya furta ta daidai. Majinyatan Imura suna karanta kana lafiya, suna tuntuɓe a kanji. Da yake da Japananci aka rubuta aikin, bai yaɗu sosai a wajen ƙasar ba sai bayan 1975, lokacin da masana biyu, Sasanuma da Monoi, suka yi bayaninsa da Turanci a mujallar Neurology.

Abin da ya hana waɗannan shaidu haɗuwa shi ne yadda likitoci suka karkasa alamomin. Kasa fahimtar kalma yana babin cututtukan magana. Kasa gane abin da ido ya gani yana wani babin daban, wanda Heinrich Lissauer ya bayyana tun 1890. Majinyacin da ke da duka biyun sai a ce cuta biyu gare shi, ko a ce ya rikice kawai. Babu kalmar da za ta ce tushen abin ɗaya ne.

Kalmar da ta zo daga kwamfuta

Kalmar ta ɓullo daga inda ba a zata ba. A 1966 Ross Quillian ya kammala digirinsa na uku a cibiyar Carnegie da ke Pittsburgh a Amurka, a kan yadda za a adana ma'anar kalmomi a cikin kwamfuta. Ya tsara sani kamar bishiya. Dabba ce gangar jiki, tsuntsu da kifi rassa ne, kanari kuma ganye ne a jikin reshen tsuntsu. Kowace siffa sau ɗaya ake ajiye ta, a matakin da ya fi faɗi: fata a wurin dabba, fiffike a wurin tsuntsu, zaƙin murya a wurin kanari. A 1969 shi da Allan Collins suka gwada tsarin a kan mutane, suka ga cewa an fi saurin amincewa da cewa kanari na rera waƙa fiye da cewa kanari na da fata, kamar dai tunani yana bin rassan ne ɗaya bayan ɗaya.

A 1972 Endel Tulving ya ɗauki wannan kalma ya raba tunawa gida biyu. Akwai taskar aukuwa, mai riƙe abin da ya sami mutum a wani wuri da wani lokaci, kamar abin da aka ci a walimar jiya. Akwai kuma taskar ma'ana, mai riƙe sanin duniya da ba ya ɗauke da kwanan wata, kamar sanin cewa gero hatsi ne, ko da mutum ba zai iya tuna ranar da ya koya ba.

Rabin hujjar wannan rabo ya riga ya samu. A 1953 an yi wa wani saurayi Ba'amurke tiyata don magance farfaɗiya, aka cire masa hifokamfas na dama da na hagu, wato wani ɗan sashe da ke can cikin ƙwaƙwalwa. Rahoton William Scoville da Brenda Milner na 1957 ya nuna cewa daga ranar ya daina riƙe sabon abin da ya faru, amma kalmominsa da sanin da ya tara kafin tiyatar suna nan. Saura rabi na biyu: shin akwai wanda ma'ana ce ke gudunsa? Shekara uku bayan Tulving, Warrington ta kawo su.

Tambayoyin Warrington

Ƙarfin aikin nata yana cikin tsarin tambayoyin. Ta fara tabbatar da cewa gani da ji da tunanin warware matsala ba su da laifi, don kada a ce ido ne ko ruɗewa. Daga nan, maimakon ta tsaya ga neman sunan abu, wanda amsarsa ko dai daidai ko kuskure, sai ta riƙa nuna hoto ko ta faɗi kalma, ta bi da tambayoyin i ko a'a, daga masu faɗi zuwa masu ƙunci. Wannan dabba ce? Tsuntsu ne? Ana samunsa a Ingila ko na wata ƙasa ne? Ya fi kyanwa girma?

Amsoshin suka fito da tsari. Majinyatan sun fi riƙe babban rukuni. Sukan san cewa abin dabba ce. Da an gangaro ga siffofin da suka keɓanta da ita, kamar girma ko mahalli, sai amsa ta koma kusan canki-canka. Haka abin yake a hoto da kuma a kalma, ko da yake ba daidai wa daida ba a kowane majinyaci. Warrington ta fassara wannan da bishiyar Collins da Quillian: ganye ne ke fara zuba, gangar jiki ce ƙarshen faɗuwa. Abin da likitoci suka raba a babi biyu ashe lalacewar taska ɗaya ce.

Daga majinyata uku zuwa ciwo mai suna

A 1979 Myrna Schwartz da Oscar Marin da Eleanor Saffran a Amurka suka bayyana wata mata da ke karanta kalmomi a bayyane daidai ba tare da sanin ma'anarsu ba, tana kuma kiran kyanwa kare, amma tana bin tsarin jimla ba kuskure. Wannan ya nuna cewa nahawu da lafazi suna iya tsayawa bayan ma'ana ta tafi. A 1982 Marsel Mesulam ya bayyana majinyata shida da harshensu ke lalacewa a hankali ba tare da sauran hankali ya taɓu ba, abin da ya farfaɗo da darasin Pick. A 1989 Julie Snowden da David Neary da abokin aikinsu a Manchesta suka raɗa wa ciwon sunan da ake kiransa da shi, wanda ke nufin lalacewar ƙwaƙwalwa ta fuskar ma'ana.

Cikakken hoton ya fito a 1992, lokacin da John Hodges da Karalyn Patterson na Kambirij, tare da abokan aikinsu, suka buga bayanin majinyata biyar a mujallar Brain. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna motsewa a sashen da ke daura da kunne, wurin da Pick ya nuna shekara 100 cif da suka gabata. Bincike na gaba ya tabbatar da cewa gaban wannan sashe ne ya fi lalacewa, galibi na hagu fiye da na dama. Irin waɗannan majinyata sun san ranar da ake ciki, ba sa ɓata a hanya, suna cika alkawari a kan lokaci. Maganarsu dai ta cika da “abu” da “wancan abin nan”. A 1997 Kim Graham da Hodges suka nuna cewa sun fi tuna abin da ya faru kwanan nan fiye da na ƙuruciya, akasin abin da aka sani ga mai cutar Alzheimer. Ciwon yakan fara tun mutum yana shekara 50 zuwa 60 da 'yan kai, kuma ba kasafai ake gadonsa ba. A 2006 Manuela Neumann da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania suka gano furotin mai suna TDP-43 a irin waɗannan cututtuka, kuma shi ake samu a taruwa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mafi yawan masu zaizayar ma'ana, ba furotin ɗin da ke tare da cutar Alzheimer ba.

Yadda ma'ana ke zaizayewa

Masanan Kambirij sun bi wani majinyaci mai haruffan JL daga Satumbar 1991 zuwa Maris na 1993, suna nuna masa hotuna iri ɗaya duk bayan wata shida. Hoton agwagwa da farko ya kira shi agwagwa, daga baya tsuntsu, a ƙarshe kare. Hoton mikiya kuwa tun farko agwagwa ya kira shi, sannan tsuntsu, a ƙarshe doki. Kuskuren yana da alkibla. Abin da ba a cika gani ba yakan karɓi sunan ɗan'uwansa da aka fi sabawa da shi, sannan sunan rukuni, har a ƙarshe iyakar da ke tsakanin tsuntsu da dabba mai ƙafa huɗu ta goge. Masana sun lura cewa wannan ya yi kama da hanyar da yaro ke bi wajen koyo, inda yake kiran kowace dabba da suna ɗaya kafin ya rarrabe, sai dai majinyacin da baya yake tafiya.

Mai shakka zai iya cewa sunaye ne kawai suka ɓace. Gwajin zane ya amsa wannan. A binciken da Sasha Bozeat da abokan aikinta suka buga a 2003, an ba majinyata hoto su kwaikwaya. Muddin hoton na gabansu, zanen yakan fito daidai. Da an ɗauke shi an jira 'yan daƙiƙoƙi, sai agwagwa ta fito da ƙafa huɗu. A irin wannan gwaji an ga raƙumi ba tozo. Babu kalmar da aka nema a wurinsu, amma kuskuren iri ɗaya ne: abin da ya keɓanta da halitta ya faɗi, abin da yawancin dabbobi suka yi tarayya a kai ya maye gurbinsa.

Taska ɗaya ko taskoki da yawa

A nan magadan Warrington suka saɓa da ita. A 1984 ita da Tim Shallice sun bayyana majinyata huɗu da ƙwayar cuta ta kumbura musu ƙwaƙwalwa, waɗanda suka fi rasa sanin halittu masu rai da abinci fiye da kayan aiki. A 1988 ita da Rosaleen McCarthy sun bayyana wani da ke gane dabba a hoto amma ba ya gane ta idan an faɗi sunanta. Daga irin waɗannan ta fahimci cewa taskar ma'ana a rarrabe take, ta gani daban, ta magana daban.

Patterson da Peter Nestor da Timothy Rogers sun kawo wata fahimtar a 2007. Sun yarda cewa launi da sauti da wari da motsi kowanne yana da mazauninsa a ƙwaƙwalwa, amma suka ce dole akwai mahaɗa, kamar kasuwar da hanyoyin ƙauyuka ke ɓullewa cikinta, kuma gaban sashen da ke daura da kunne, dama da hagu, shi ne wannan mahaɗa. Hujjarsu ita ce mai zaizayar ma'ana yana kasa gane abu ta kowace ƙofa aka biyo: kalma, hoto, kuka ko wari. Aikin mahaɗar shi ne ta wuce abin da ido ke gani. Jimina ba ta tashi amma tsuntsuwa ce, jemage yana tashi amma ba tsuntsu ba ne, kuma kamanni kaɗai ba zai koyar da haka ba. A shekarar ta 2007 Gorana Pobric da Elizabeth Jefferies da Matthew Lambon Ralph a Manchesta suka yi amfani da maganaɗisu suka rage aikin wannan wuri na ɗan lokaci a kan masu lafiya, sai saurin hukuncinsu a kan ma'ana ya ragu, na lambobi bai ragu ba.

Gardamar ba ta mutu ba. Masana irin su Mesulam da Guido Gainotti suna ganin hagu ya fi karkata ga kalmomi, dama kuma ga fuskoki da abin da ake gani, kuma gaskiya ne cewa wanda ciwon ya fara ta dama yakan fara da kasa gane mutane. A 2011 wani kwamitin ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Maria Luisa Gorno-Tempini ya sanya ciwon cikin nau'o'i uku na lalacewar harshe mai ci gaba. Wasu masanan na ganin wannan suna ya ƙuntata abin, domin agwagwa mai ƙafa huɗu ba matsalar harshe ba ce.

Harshe da gwaji

Kowane rubutu yana da inda yake tona asirin wannan ciwo. A Japananci kanji ne. A Turanci kalmomin da rubutunsu ya saɓa wa furucinsu ne: majinyaci kan karanta sew, wato ɗinki, kamar sue, yana bin haruffa saboda kalmar ta zama baƙuwa. Rubutun boko na Hausa a ido kamar yana bin sauti sau da ƙafa, amma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka fari na launi da fari na rashin ruwa da fari na somawa. Mai karatu da ma'ana yake zaɓar furuci ba tare da ya lura ba, don haka a nan ne ya dace mai gwada Bahaushe ya sa kunne.

Kayan gwajin ma suna ɗauke da al'adar inda aka ƙirƙiro su. Shahararren gwajin da David Howard da Patterson suka fitar a 1992 yana nuna hoton dalar Masar, a nemi majinyaci ya zaɓi abin da ya dace da ita tsakanin bishiyar dabino da wata bishiyar ƙasashen sanyi. Manomin da bai taɓa ganin hoton dala ba zai faɗi gwajin da lafiyarsa ƙalau. Ba a auna ɓacewar sani sai da abin da mutum ya taɓa sani, shi ya sa fassara gwaji kalma da kalma ba ta wadatar ba.

Abin da ya rage a hannun iyali

Har yanzu babu maganin da ke tsayar da ciwon, amma binciken ya bar abin amfani. A 1994 Snowden da abokan aikinta sun nuna cewa majinyata sun fi riƙe sunayen mutane da wurare da kayan da ke cikin rayuwarsu ta yau da kullum. Mutum zai iya gane kayansa na gida ya kasa gane irinsu na wani. A 1999 Graham da abokan aikinta sun bayyana wani majinyaci da ya riƙa bitar kalmomi kullum da littafin hotuna, kalmomin suka dawo, da ya daina kuma suka sake tafiya. Abin da aka sake koyo yakan manne wa hoton ko kayan da aka koya da shi, ba ya yaɗuwa zuwa makamantansa.

Saboda haka mai jinyar irin wannan majinyaci gara ya bar masa tsohuwar butarsa da kofinsa a inda ya saba ganinsu, domin sabuwa mai wani launi tana iya zame masa abin da bai san amfaninsa ba. Gara a riƙa amfani da kalmomin da suka rage kullum da a matsa masa a kan waɗanda suka tafi. Kuma idan mutum mai shekara 55 ko 60, wanda ke tuƙa motarsa yana lissafin kuɗinsa daidai, ya fara tambayar iyalinsa mene ne tsintsiya ko mene ne albasa, kada a ɗauka wasa ne ko taurin kai ko taɓin hankali. Wannan tambaya ita ce alamar da ta fi kowace bayyana ciwon, kuma ta isa dalilin a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.